Tafiyar Sabis Daga Legas Zuwa Mainika

Mainika ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Gwarzo, a yammacin jihar Kano. Wanda ya bar birni ta titin Gwarzo zai wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya wuce Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, in ya ci kilomita 70 ko kusa da haka ya ga Gwarzo. Ya miƙe gaba kuma sai Dayi, ya shiga ƙasar Katsina ke nan. Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo mutum sama da 180,000, Kabo sama da 150,000, akasarinsu manoma da makiyaya da masu bin kasuwannin ƙauye, ga kuma samarin da rani ke kaiwa Kano da Abuja da Kurmi neman na kansu.

A wurin mota wannan ba nisa ba ne. A tarihin sadarwar Najeriya kuwa, 'yar wannan tafiya ce ta fi kowace wuya. Waya takan ƙetare teku daga Turai zuwa Legas, ta hauro tudu daga Legas zuwa Kano, sannan ta yi zango a bakin birni, zango mai tsawo. Haka aka yi a zamanin tarho, haka aka yi a zamanin salula, haka ake yi yanzu a zamanin intanet mai sauri. Bambancin na yanzu shi ne, tun daga 2015 hukuma take ɗora jarrabawa da lambar ɗan ƙasa da kuɗin cefane a kan intanet, alhali intanet ɗin bai gama isa wurare irin su Mainika ba.

Wayar tangaraho ta haɗa Legas da Landan a 1886. Turawan mulki suka shimfiɗa ta don aikinsu, da suka ci Arewa kuma suka ja ta zuwa garuruwan da Razdan da Di'o ke zaune. Talaka ba ya cikin lissafin. Ranar da aka sami 'yancin kai a 1960, layukan tarho 18,724 ne kacal a ƙasar baki ɗaya. Sashen gidan waya da tarho na gwamnati ya riƙe harkar har 1985, lokacin da aka haɗa ɓangaren tarho da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje aka kafa NITEL. Kano tana da lambarta, 064, amma layukan suna ofisoshin gwamnati da masana'antun Bompai da gidajen Nasarawa da shagunan manyan attajirai. Mai neman layi sai ya cike takarda ya zauna jira, wani har shekaru.

A ƙasar Gwarzo da Kabo kuwa, saƙo da ƙafa yake tafiya. Mai son aika magana birni sai ya yi sammakon tasha ya ba direba ko ɗan kamasho sallahu, ya haɗa da 'yar takarda da aka rubuta da ajami ko boko, a naɗe ta tare da kuɗin da za a kai. In rasuwa aka yi, a tashi yaro a kan keke ya zaga dangi na kusa, na nesa kuma su ji a sanarwar rediyo, wani bayan sadakar uku, wani sai bayan bakwai. Masu 'yan'uwa a Makka ko Kurmi suna da tasu dabara. A sayo kaset, a taru a tsakar gida, kowa ya matso kusa da rikoda ya yi gaisuwa, tsohuwa ta yi wa ɗanta nasiha, matarsa ta sunkuyar da kai don kunyar surukai sai an matsa mata sannan ta ce wani abu, a naɗe kaset ɗin a ba maniyyaci ko falke. Amsa takan zo bayan wata biyu ko uku, a sake taruwa a saurara. Duk wanda ya ga wannan ba zai yi mamakin yadda mutanenmu suka rungumi saƙon murya na WhatsApp daga baya ba. Muryarsu suka saba aikawa tun can.

Gwamnatin soja ta kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, da doka mai lamba 75 ta 1992, amma sai bayan dawowar mulkin farar hula abin ya motsa. A Janairun 2001, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, hukumar ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285. MTN da Econet suka biya, aka keɓe wa NITEL nata. A lokacin layukan da ke aiki a ƙasa mai mutum sama da miliyan 120 ba su wuce 400,000 da 'yan kai ba. A watan Agusta sabis ya fara. Layi kaɗai yakan kai naira 20,000, kiran minti ɗaya naira 50, ko sallama kawai ka yi ka kashe kuɗin minti guda za a cire maka. Sai da Globacom ta shigo a Agustan 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa sannan sauran suka sauko. Econet ta yi ta sauya suna, Vmobile, Celtel, Zain, har ta zama Airtel a 2010, shi ya sa za ka ji dattijo yana kiran layinsa da sunan da kamfanin ya bari tun tuni.

Ƙarfen sabis ya bi manyan birane tukuna, sannan manyan tituna, sannan hedikwatocin ƙananan hukumomi. Ƙauyukan da ke nesa da kwalta suka riƙa cin ragowar abin da iska ta kawo daga ƙarfe mafi kusa. A kowane irin ƙauyen nan akwai wurin da kowa ya sani nan sabis yake kamawa: gindin wata kuka, bayan masallacin Juma'a, kan wani jigawa. Da yamma sai ka ga mutane a tsaitsaye, kowa da wayarsa a sama. A ranar kasuwa wani yaro zai kafa lema da tebur, ya ajiye waya da agogo, a zo a kira a biya. Wanda ba shi da kati ya yi filashin, ɗansa da ke birni ya gane a kira shi ake so. Duk da haka rayuwa ta sake. Mai buhun masara ko gyaɗa yana iya jin farashin Dawanau kafin ya ɗora kaya a mota, mai shanun da zai kai Getso yana iya tambayar yadda kasuwa ta tashi a wani gari, labarin haihuwa da na rasuwa kuma suka daina kwana a hanya.

Sai matsalar wuta ta fito fili, kuma har yau ba ta koma ba. Daga nan aka sami sana'ar cajin waya: rumfa ko ɗan shago, ƙaramin janareto yana ruri a baya, allon katako cike da soket, wayoyi a jere kowace da 'yar takardar lamba a manne, mai ita ya riƙe ɗaya rabin a aljihu. Mai cajin nan yakan zama shi ne mai sayar da kati, shi ne mai tura waƙa da wa'azi da fim a memori, shi ne mai karanta wa tsofaffi saƙon da ya shigo. Daga baya sola ta rage masa kuɗin mai, daga baya kuma da yawansu suka ƙara da na'urar POS. In ana neman wanda ya riƙe sadarwar ƙauye a hannunsa shekara 20, to shi ne.

Masu tsara doka sun san kamfani ba zai je inda ba riba ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, USPF, wanda ya fara aiki a 2006, ana zuba masa wani kaso na harajin da kamfanoni ke biyan NCC don a tallafa wa kafa ƙarfe da cibiyoyin kwamfuta a wuraren da aka bari a baya. Binciken hukumar na 2013 ya gano yankuna 207 da sabis bai kai ba, masu mutum kusan miliyan 37. Zuwa 2022 ta ce sun ragu zuwa 97, masu mutum kusan miliyan 27. An yi aiki, amma ma'aunin yana da sauƙin kai: ƙauyen da kira ke shiga ya fita daga jerin, ko da hoto ɗaya ba ya buɗuwa a cikinsa.

Zamanin intanet ya zo ta teku. Shekaru da dama ƙasar ta dogara da igiya ɗaya, SAT-3, wadda ke hannun NITEL. A 2010 MainOne ta Funke Opeke ta iso Legas daga Fotugal, Glo-1 ma ta fara aiki a shekarar, WACS ta biyo a 2012. Farashi ya faɗi a bakin teku. Amma masu harkar sun daɗe suna kukan cewa ɗauko intanet daga Landan zuwa Legas ya fi arha a kan hauro da shi daga Legas zuwa cikin ƙasa. Dalilin yana cikin ƙasa, a ramin da ake haƙawa. Intanet mai ƙarfi a cikin wayar fayiba yake gudu, siririn zaren gilashi da ake binnewa a gefen titi, kuma jihohi sukan karɓi kuɗin izinin haƙa a kan kowace mita. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a mita, jihohi da yawa suka ƙi bi, wasu suna karɓar dubbai. Ekiti naira 4,500 take karɓa kafin ta sauko a 2020. A yi lissafi da tazarar Kano zuwa Gwarzo: a kan 145, kilomita 70 za ta ci naira miliyan 10 da ɗoriya, a kan 4,500 kuwa miliyan 315, tun ba a sayi waya ba, ba a biya lebura ba. Kamfanin da ya ga haka sai ya bar fayiba a birni, ya riƙa miƙa sabis daga ƙarfe zuwa ƙarfe ta iska da faranti. Wannan hanya tana ɗaukar kira lafiya lau, amma in jama'a suka taru a kanta da bidiyo da tura kuɗi sai ta cushe. Ga shi kowane ƙarfe yana son janareto da man dizal da mai gadi. Abin da ke sa wayar mutumin ƙauye ta nuna 4G a sama amma shafi ya yi ta juyawa bai buɗe ba ke nan.

Shirin farko na faɗaɗa intanet mai sauri, na 2013 zuwa 2018, an yi shi a zamanin minista Omobola Johnson, da burin kai wa kashi 30 cikin 100. Wanda ya riƙe NCC a yawancin shekarun ɗan jihar Kano ne, Farfesa Umar Garba Dambatta na Jami'ar Bayero, daga 2015 har 2023. An cika burin a ƙarshen 2018, har an ɗan haura. Sai dai ya kamata mai karatu ya san yadda ake ƙirgar: layukan da ke hawa 3G da 4G ake lissafawa a raba da yawan jama'a. Ɗan kasuwar Kantin Kwari mai waya biyu da layi uku ya cike gurbin mutum uku, matar da ke Mainika da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba ta shige cikin kason ba tare da ta sani ba. A wannan zamanin ne kuma aka raba ƙasa shiyya-shiyya aka ba kamfanoni lasisin shimfiɗa fayiba zuwa ƙananan hukumomi, Arewa maso Yamma ta faɗa hannun Fleek Networks. Tallafin da aka tsara ba su ya yi ta jinkiri, aikin bai kai inda aka zata ba.

A daidai lokacin hukumomi suka fara komawa kan intanet, kowace da nata wa'adin. Bankuna suka kawo BVN a 2014. A 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir baki ɗaya, ta koma kwamfuta. A wurin ɗan birni da ya saba da kafe, canjin bai fi na kujera ba. Yaron da ya gama sakandare a ƙauye kuwa, sai ya biya kuɗin mota ya je inda cibiyar rajista take, ya biya a buɗe masa adireshin imel da ba zai sake shiga ba, ya koma ya jira saƙo a wayar da ba lalle tana da caji ba, ranar jarrabawa kuma ya zauna gaban allon da wataƙila ranar ya fara taɓa irinsa, agogo yana tafiya. Ba a tambaye shi ko makarantarsu tana da wuta ba. Makin da zai samu da na ɗan makarantar kuɗi ta Abuja a ma'auni ɗaya za a auna. Ni a ganina nan ne giɓin ya fi ciwo, domin yaron ba ya ganin hannun da ya tura shi baya, sai ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza.

Batun tsaro ya shigo ta ƙofa biyu. Ta farko ta hukuma ce. A Oktoban 2015 NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka sama da miliyan 5 da ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330. A Disambar 2020 minista Isa Ali Pantami ya ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar NIN, aka dakatar da sayar da sabon layi har Afrilun 2021, a Afrilun 2022 kuma aka toshe kira daga layuka sama da miliyan 70. Manufar tana da hujja, don masu satar mutane da waya suke cinikin fansa. Amma rajistar NIN ita kanta sai da kwamfuta da wuta da sabis, kuma a lokacin yawanci a hedikwata ake yin ta. Mutanen ƙauye suka yi ta asubanci suna bin layi, a ce musu yau sabis ya ɗauke su dawo gobe.

Ƙofa ta biyu ta 'yan damfara ce, kuma su ba su jira fayiba ba. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Tsakanin nan ga masu kira da Hausa tsantsa, su ce daga banki suke, za a rufe asusunka in ba ka karanto lambobin katinka ba, ko su ce tallafin gwamnati ya fito sai ka faɗi lambar da ta shigo wayarka. Wanda ba ya karatun boko, wanda dole sai ya miƙa wa wani katinsa ya faɗa masa lambar sirri kafin ya ciri kuɗinsa, shi ya fi kowa shiga hatsari. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, akwai ta kare bayanan jama'a ta Yunin 2023. Suna nan a rubuce da Turanci, ofisoshin da za a kai ƙara kuma suna birni.

A Maris na 2020 aka ƙaddamar da shiri na biyu, na 2020 zuwa 2025, kuma alkawuransa a fayyace suke: kashi 70 cikin 100 na jama'a su hau intanet mai sauri, sabis ɗin ya lulluɓe inda kashi 90 ke zaune, gudunsa ya kai megabit 25 a birni da 10 a karkara, gigabait ɗaya kada ya wuce naira 390. Ba a yi wata guda ba korona ta rufe makarantu, a Afrilu aka kulle Kano. Makarantun masu hali suka koma darasi ta intanet. 'Ya'yan talakawa aka ba su darasi ta rediyo da talabijin, abin da ya nuna gwamnati ma ta san iyakar inda sabis ya tsaya. Annobar dai ta sa wasu jihohi sun sassauta, Kaduna ta yafe kuɗin haƙa gaba ɗaya a watan Mayu.

Shekarar 2021 ta nuna wa mutanen yammacin Kano wani abu a kusa da gida. Ranar 3 ga Satumba aka kashe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya don yaƙi da 'yan bindiga. Kwanaki kaɗan aka ƙara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Funtuwa da Ƙanƙara da Malumfashi, wadda daga Gwarzo in ka wuce Dayi ita za ka tarar. Sakkwato da Kaduna ma suka rufe wasu sassa. Watanni aka yi a haka, sai a Disamba Katsina ta fara buɗewa. Mutane suka koma ba direbobi sallahu kamar zamanin kakanninsu, wasu suna hawa mota su yi tafiya mai nisa don kira ɗaya ko tura kuɗi. Masu POS suka rufe, wanda aka kawo wa hari ba shi da hanyar kiran ɗauki. Ko matakin ya rage ta'addanci, har yau ana gardama. Abin da ba gardama a kansa shi ne cikin shekara 20 waya ta shiga jinin kasuwa da zumunci, cire ta kuma sai da jini.

Daga nan labarin ya rabu biyu. A sama ana ta ci gaba. An yi gwanjon 5G a Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6, kuma Kano tana cikin birane 7 da MTN ta fara da su a 2022. Igiyar Equiano ta Google ta sauka Legas a Afrilun shekarar. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya buɗe babbar cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano, a watan ne kuma Starlink mai sauko da intanet daga tauraron ɗan'adam ya fara aiki, Najeriya ce ta farko a Afirka. Na'urarsa tana aiki ko a tsakiyar gona, sai dai kuɗinta ɗaruruwan dubban naira ne, ban da na wata-wata.

A ƙasa kuwa, watannin nan su ne na canjin kuɗi. Babban Banki ya sauya takardun 200 da 500 da 1,000, ya janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba, aka ce kowa ya koma taransifa. A kasuwar ƙauye sai ka ga an gama ciniki, an yi sallama a kan akuya ko buhun dawa, mai saye ya tura kuɗi, an cire a asusunsa, mai kaya bai ga alat ba. Su tsaya cirko-cirko, wannan yana nuna wa wancan fuskar waya, mai POS yana ɗaga na'urarsa sama yana juyawa ko za ta kama. Rana ta yi sanyi, mai akuya ya ja abarsa ya koma, ko ya karyar da ita ga mai tsabar kuɗi a hannu. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo sannan aka fara numfasawa. Tun daga lokacin OPay da Moniepoint suka shiga kowane lungu, mai shayi da mai nama duk suna da lambar asusu a manne, wato cinikin yini ya rataya a wuyan ƙarfen sabis.

Ƙarfen kuwa ba shi da tabbas. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, bankuna da intanet suka rikice a Afirka ta Yamma. A Oktoban shekarar, bayan an lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan da ke kawo wuta ta Binuwai shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu, kuɗin cajin waya ya tashi. NCC ta ce a 2024 kaɗai an tsinka fayiba sama da sau 50,000, kusan 30,000 daga ciki masu aikin titi ne suka yi. A shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. A Janairun 2025 kuma, bayan faɗuwar naira da tsadar dizal, hukumar ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100, na farko cikin fiye da shekara 10. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, gigabait ya haura waccan 390 da aka yi alkawari. Wa'adin shirin ya cika a ƙarshen 2025 ana wajen rabin jama'a, ba a kai 70 ba.

A cikin rabin da aka bari, mata sun fi yawa. Cibiyar CITAD ta Kano, ƙarƙashin Y. Z. Ya'u, ta yi bincike a kan abin da ke hana matan Arewa hawa intanet: tsadar babbar waya, ƙarancin karatu, da tsoron iyaye da mazaje game da abin da ke ciki. Tsoron ba na banza ba ne, amma matar da ke saƙa ko ƙuli-ƙuli ko kiwon kaji a cikin gida ita ta fi kowa buƙatar kasuwar da ba sai ta fita ba. Cibiyar ta kuma daɗe tana kira a ba al'umma damar kafa ƙaramin sabis nasu da sola a inda kamfanoni suka ƙi zuwa, har tana horar da matasa a kan haka tun 2021.

Gwamnati mai ci ta zo da nata alkawuran ta hannun minista Bosun Tijani: ƙarin fayiba kilomita 90,000 a kan 35,000 da ake lissafin akwai, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2, da ƙarafan sabis 7,000 a karkara, da haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 da intanet. Ƙasar Kabo kuma ta sami kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 2022, wadda ita kaɗai ta isa dalilin jan fayiba zuwa yankin. Abin lura shi ne sakatariya ba ita ce ƙaramar hukuma ba. Indiya da ta fara irin wannan aiki a 2011, majalisun ƙauyuka 250,000 ta sa a gaba, ita ma ta sha jinkiri, amma ta san daga ina ake fara ƙirga.

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Kira na ga gwamnatin jiha da NCC da 'yan majalisar da ke wakiltar Gwarzo da Kabo shi ne a auna sabis mazaɓa-mazaɓa, a buga sakamakon da Hausa kowa ya gani: ina fayiba ta tsaya, wace sakandare da wane asibiti ke da intanet da wutar sola, nawa ne gudunsa a ranar kasuwa. A sauƙaƙa izinin haƙa ga duk kamfanin da ya yarda ya bar kwalta ya shiga ƙauye, a sa masu kwangilar titi su biya wayar da suka tsinka, a riƙa wayar da kai game da 'yan damfara a rediyo da masallatai da makarantun Islamiyya na matan aure. Duk hukumar da za ta wajabta wa jama'a wani abu ta intanet kuma, ta fara aika ma'aikacinta Mainika da Kutama da Lakwaya da Durun ya gwada shi da wayarsa kafin a sa wa'adi.